Injin da Ke Bakin Ƙofa

Shekara goma sha huɗu injinan nan uku suka yi a ɗakin baya ba su tsinana wa kowa komai ba, har ranar Lahadin da Maman Auta ta ce abin ya ishe ta. An yi wa babban ɗansu canjin wurin aiki, zai dawo gari da matarsa da yara biyu, kuma kafin su sami gida nan za su sauka. Ɗaki ɗaya ne ya rage a gidan, shi kuma ƙarfe ke kwana a ciki.

Ta zo ta tsaya daidai gaban mijinta, ta jira ya ɗago ya kalle ta, sannan ta yi magana.

"Malam, ranar Asabar mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo. Injin da ya tashi kafin nan, ka sa shi a motarka. Wanda bai tashi ba, ya hau sikeli."

Mijin nata tsohon bakanike ne, kuma duk garin Mai Kunne ake ce masa. Ba banza aka sa masa sunan ba. A zamaninsa mota na shigowa layin gareji zai ce wa direba abin da ke damunta tun kafin ya taka birki. Da ya bar aiki ya dawo gida da abu biyu: sunan nan, da wata ƙaramar mota ja da ke ƙarƙashin tamfol a tsakar gida, wadda kaji suka daɗe da mayarwa gidan haihuwa. Injinta ya mutu tuntuni, shi ya sa ya sayo tsofaffi uku ya ajiye, wai idan ya sami lokaci zai zaɓi mai rai a ciki.

Injin motar ba irin wanda kowa ya sani ba ne. Ba shi da fistan ko ɗaya. Ɗaki biyu ne a cikinsa, a kowane ɗaki akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa, a kan kowace kusurwa kuma akwai siririn ƙarfe mai shafar bango yana tare iska. Waɗannan siraran Mai Kunne ke kira haƙora. Idan inji ya daɗe a ajiye, haƙoran kan maƙale ko su karye. Gane lafiyarsa kuwa ba wuya ga mai ji: a cire fulogi, a juya injin da sufana, a saurara. Mai lafiya zai yi numfashi uku daidai wa daida, fuf, fuf, fuf. Idan ɗaya ya ɓace, haƙori ya tafi.

To, a nan gizo ke saƙar. Shekara huɗu ke nan kunnen Mai Kunne yana janyewa a hankali, kuma bai faɗa wa kowa ba. Ya ƙware da kallon baki. Idan bakin ya fi ƙarfinsa sai ya kalli fuska: in ya ga fara'a ya ce "Madalla," in ya ga an ɗaure ya ce "Allah ya kyauta." Da waɗannan biyun ya yi shekara huɗu yana zaman duniya, yana ganin ya yi wa kowa wayo. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Gani yake idan aka cire kunnen daga sunansa, babu abin da zai rage sai wani tsoho mai ciwon baya da motar kaji.

Ranar Litinin da hantsi ya sa aka kira masa Fistan. Fistan abokinsa ne tun suna koyon aiki, shekara arba'in suna shan shayi tare suna musu, kuma har yau bai yarda cewa abin da ba shi da fistan inji ba ne. Ya shigo da ƙatuwar sufana a kafaɗa, ya tsaya a gaban Mai Kunne.

"Ga tawa na kawo, tun da har yanzu kana cewa ni na sace taka."

"Ban ce ka sata ba. Cewa na yi ka ara shekara goma sha ɗaya."

"Ina injinan niƙan?" in ji Fistan.

Auta, ƙaramar 'yarsu, malamar makaranta ce kuma ana hutu, sai ta ɗaura tsohon zane ta taya su fitar da tarkace. Injina biyu suna can ƙuryar ɗaki, an binne su da tsofaffin tayoyi, karyayyen gadon yara, da fanka mai fiffike biyu. Na ukun yana daf da bakin ƙofa, Maman Auta ta shimfiɗa masa buhu ta ɗora baho da kwandon kayan shanya. Shi ne ya fi muni tun ran da aka kawo su, fenti ya ɓare, gefe ɗaya ya yi baƙi, kuma Mai Kunne bai taɓa yi masa kallon arziki ba.

Aka fara da na ƙurya. Mai Kunne ya cire fulogai, ya zuba mai ta ramukan, ya ce a ba shi minti goma ya jiƙa. Sannan ya durƙusa da ƙyar, ya kai kunnensa kusa da ramin, ya lumshe ido kamar likita. Fistan ya sa sufana ya danna, injin ya yi gardama, sannan ya juya. Abin da ya fito, wanda duk mai ji a ɗakin ya ji, shi ne fuf, fuf, sai wani dogon shiru. Abin da Mai Kunne ya ji kuwa, ƙarar nan ce ta cikin kansa da ba ta barinsa dare da rana.

Ya buɗe ido. Fuska biyu suna kallonsa suna jira. Injin kuma fes yake a ido, fentinsa na ƙyalli.

"Uku cif," in ji shi. "Wannan yaro ne ɗanye."

Ya ga Fistan ya buɗe baki, ya ga Auta ta take masa ƙafa, ya ga bakin ya rufe. Ya ce a ransa hassada ce ta taso wa tsohon, yarinya ta kwaɓe shi. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma ranar Mai Kunne ya sami fadawa biyu masu tausayi.

Na biyu ya yi wani numfashi guda ɗaya mai kama da tarin akuya. Mai Kunne ya gyaɗa kai ya ce da ɗan dama, a ajiye shi a matsayin mataimaki. Da aka zo kan na bakin ƙofa, Fistan ya ɗora sufana ya danna da ƙarfin da ya saba, sai injin ya tafi sumul har ya kusa kifawa. Fuf, fuf, fuf, a ɗaki na farko. Fuf, fuf, fuf, a na biyu. Auta ta ɗago kai da sauri.

"Kun ga yadda yake gudu ba nauyi?" in ji Mai Kunne, yana kaɗe gwiwa. "Babu komai a cikinsa, shi ya sa. Wannan gawa ce. A mayar mata da bahonta."

"Baba, ni kamar na ji…"

"Ke lissafi kike koyarwa, ko inji? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ya ba Auta takardar lambobin robobin da ke tare ruwa a cikin injin, don waɗannan ko inji na da lafiya sai an sake su bayan daɗewa haka, ta yi odarsu ta waya.

Talata aka buɗe yaro ɗanye. Injin nan faifai ne a jere, ɗaya bisa ɗaya, dogayen kusoshi sun ratsa su. Aka tsayar da shi a kan taya, aka kwance kusoshin, aka ɗaga faifan farko. Wani wari ya bugo su. A bakin hanyar iska ɓeraye sun yi gida na gani na faɗa, da ɗakin kwana da rumbu, an shimfiɗe ko'ina da wani yadi shuɗi mai zanen zinariya da aka tattauna aka yi gutsi-gutsi. A ciki kuwa haƙori ɗaya ya karye biyu, ya yi wa bangon ɗaki zane mai zurfi da farce ke maƙalewa a ciki.

Maman Auta ta shigo da shayi, ta leƙa, ta ajiye faranti a hankali.

"Ɗankwalina!"

Shekara shida ke nan tana amsa gaisuwar matar maƙwabcinsu da hanci, saboda ɗankwalin nan da ya ɓace daga igiyar shanya. Auta ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa don dariya.

"Mama, sai ki je ki ba ta haƙuri."

"Haƙurin me? Ɓerayen ma ai daga gidanta suke shigowa."

Fistan ya ɗauki karyayyen haƙorin ya ɗaga shi a haske. Ya so ya yi shiru, Allah ya sani, amma shekara arba'in na musu ba a kashe su rana ɗaya.

"Uku cif, ko? To, gani ya kori ji."

Wannan kam Mai Kunne ya karanta a bakinsa sarai. Ya ce ai jiya da aka juya shi da ƙarfin hauka ne haƙorin ya karye, kuma kowa ya san wanda ke riƙe da sufana. Fistan ya ce tsatsar da ke kan karayar ta girmi jikansa na fari. Suka sha shayi ba mai kallon wani.

Laraba aka buɗe mataimaki. Shi kuma wanda ya sayar da shi bai tsiyaye ruwan cikinsa ba, ruwan ya zauna shekara da shekaru yana cin ƙarfe. 'Yan kwarin da roba ke kwanciya a ciki sun zaizaye, wani wuri ma da Mai Kunne ya taɓa da tsinke sai ya rufta. Ya daɗe yana goge wajen da tsumma, kamar gogewar za ta dawo da ƙarfen. Fistan bai yi ba'a ba ranar, wannan ya fi ba'ar ciwo. Da la'asar mai kai saƙo ya kawo sababbin robobi a leda, Auta ta karɓa ta ajiye a kan taga.

Alhamis da safe Mai Kunne ya shiga ɗakin shi kaɗai ya zauna a kan taya. Faifai da kusoshi sun cika ƙasa. Saura kwana biyu, kuma ya san yadda labarin zai zaga wajen masu shayi: Mai Kunne ya saurari inji uku, ya zaɓi gidan ɓera. Ba motar ce ta fi damunsa ba. Ya san ranar wanka ta zo, kuma ba a ɓoyon cibi.

Inuwa ta rufe ƙofa. Maman Auta ta shigo, ta sauke bahonta da kwandonta daga kan injin bakin ƙofa, ta yaye buhun. Sannan ta zura hannu bayan ƙyauren ta zaro wata ƙatuwar sufana mai jan fenti a mariƙi.

Mai Kunne ya miƙe tsaye, ya manta da bayansa.

"Sufanata! Shekara goma sha ɗaya ina zargin bawan Allah!"

"Sai ka je ka ba shi haƙuri," in ji ta. "Zo nan."

Ta kwance fulogin da yatsu biyu, don a sake yake. Ta kama hannunsa na dama, ta buɗe tafin, ta ajiye shi daf da ramin. Ba ta ce ya kawo kunne ba. Ta ɗora sufana, ta taka injin da ƙafa ɗaya kamar wadda ta yi shekaru a gareji, ta juya.

Iska ta bugi tafin hannunsa. Ɗaya. Biyu. Uku. Kowanne da ƙarfinsa, babu wanda ya fi wani. Ta mayar da hannun nasa kan ramin ɗaki na biyu, ta sake juyawa. Uku cif.

"Yaya aka yi…"

Ta tsaya a gabansa, inda haske ke faɗo mata a fuska.

"Ran da aka kawo su, kai ka tara mu ka yi mana lacca. Ka ce inji irin wannan in ba a juya shi duk wata ba, haƙoransa maƙalewa suke. Ka yi shekara uku kana juya su, sai bayanka ya kama, daga nan ka manta. Ni kuma duk farkon wata in na zo ɗaukar baho, sai in ɗiga masa man keken ɗinkina cokali ɗaya, in juya shi sau goma. Waɗancan biyun ka binne su, hannuna ba ya kai wa."

"Shekara goma sha ɗaya?"

"Zama da maɗaukin kanwa. Kuma ka ce in motar ta tashi ni za ka fara ɗauka. Na ce kar ranar ta zo a ce duk sun mutu."

Mai Kunne ya dubi tafin hannunsa. Tunanin man keken ɗinki a cikin injinsa ya so ya ba shi haushi, amma wani tunanin ya danne shi. Me ya sa hannunsa ta kama? Ya tuna yadda take zagayowa gabansa kafin ta yi magana, yadda ta daina kiransa daga kicin, yadda take taɓa kafaɗarsa in an yi sallama a ƙofa. Ashe ta sani tun farko, ta rufa masa asiri har daga kansa. Kunya ta rufe shi, da wani abu mai ɗumi da bai san inda zai ajiye shi ba.

"Cokali ɗaya ya yi yawa," in ji shi.

"Allah ya kyauta," in ji ta, ta ɗauki bahonta ta fita.

Kwana biyun da suka rage, gidan ya koma gareji. Aka buɗe na bakin ƙofa, sai ga cikinsa na sheƙi, haƙora shida duk suna motsi in an danna su. Robobin ruwa kawai suka bushe, suna karyewa kamar tsinke. Mai Kunne ya wanke komai da kananzir, ya jera a kan tsohon zanen gado, ya auna kowane haƙori. Inda ido ya yi shakka sai ya shafa da yatsa, yatsan ya faɗa masa gaskiya. Ya ciro wasu ƙananan sifirin masu tura haƙora jikin bango daga mataimaki, don kar a ce ya zauna shekara goma sha huɗu a banza. Sababbin robobin suna ta zamewa daga kwarinsu, sai ya aiki Auta ta ɗauko masa man shafawar uwarta, ya lakuta ya manna su. Haƙoran kuma ya ɗaure su da robar kitso har faifai ya sauka a kansu.

Fistan ya ga sufanar mai jan mariƙi, ya dube ta, ya dubi abokinsa.

"Ina jira."

"Ashe a gida take."

"Wannan labari ne. Haƙuri nake jira."

"Riƙe min faifan nan," in ji Mai Kunne.

Suka ɗaure dogayen kusoshin bi da bi, wannan gefe sannan kishiyarsa, kaɗan-kaɗan har zagaye uku. Fistan ya ce bai taɓa ganin inji mai ƙamshin amarya ba sai wannan.

Asabar da hantsi mai sayen ƙarafa ya iso da kurarsa da sikelinsa, ya tarar an fito da injin tsakar gida an ɗaure shi a kan tayoyi, da batir a gefe da gorar fetur rataye a igiyar shanya. Ba a sa masa salansa ba. Ya loda gawawwakin biyu, sannan ya jingina da kura yana kallon na ukun da idon mai jiran gado. Matar maƙwabci ma ta leƙo ta katanga, don ran Alhamis ta sami wata gaisuwa mai daɗi daga Maman Auta da har yanzu ba ta gane dalilinta ba.

Mai Kunne ya haɗa waya. Injin ya juya, ya yi tari, ya yi shiru. Ya sake. Wani farin hayaƙi mai ƙamshin man shafawa ya tirniƙe gidan. A karo na uku ya kama.

Duk wanda bai taɓa jin irin injin nan ba salansa ba, ya gode wa Allah. Kaji suka fashe daga ƙarƙashin tamfol. Matar maƙwabci ta ɓace daga katanga. Mai ƙarafa ya saki kura ya toshe kunne, Fistan ya yi baya har ya taka farantin shayi, Auta na ihu ba a jin ta.

Mai Kunne kuwa yana tsaye kusa da shi, bai motsa ba. Yana ji. Karon farko a shekara huɗu wani abu ya ratsa ƙarar cikin kansa ya iso gare shi sarai. Yana jin ɗaki na farko, yana jin na biyu, suna tafiya tare babu mai ɗingishi. Ya ƙara masa wuta kaɗan, kukan ya hau sama sumul. Hawaye ya zubo masa, ya bar wa hayaƙi laifin.

Maman Auta ta zo gabansa ta faɗi wani abu, amma hayaƙi ya rufe bakinta.

"Ban ji ba!" ya yi ihu. A cikin wannan ƙara kowa kurma ne, faɗin hakan bai yi masa nauyi ba.

Ya cire waya. Injin ya yi juyi biyu ya tsaya, shirun nan nasa ya dawo ya zauna. Hayaƙi ya baje. Ta sake faɗa, amma idonsa ya cika da ruwa, bai ga bakin sosai ba. Fuskarta dai da fara'a. Ya san abin da ake cewa in an ga fara'a, kalmar tana nan a kan harshensa, shekara huɗu tana fitar da shi kunya. Fistan na kallo, Auta na kallo, har mai ƙarafa.

"Ban ji ba," in ji shi. "Kunnena ya tafi, ya daɗe. Sake faɗa min."

Ba wanda ya yi mamaki, ko mai ƙarafa. Fistan ya matso ya daki kafaɗarsa, ya buɗe baki sosai yadda za a gani.

"Shekara huɗu ina zaginka kana ce min madalla. Yanzu shi ke nan, an rufe min kasuwa."

Maman Auta ta jira suka gama. Ta kama hannun mijinta na dama, wanda har yanzu yake dumu-dumu da man shafawarta, ta matso kusa, ta faɗa a hankali, kalma bayan kalma.

"Cewa na yi, hannunka yana nan yadda na san shi."

Mai Kunne ya goge ido da bayan ɗaya hannun, ya bar baƙin mai a kumatu.

"Wannan na ji," in ji shi. Sannan ya ce wa Auta ta kore sauran kajin ta yaye tamfol.